Kan Babur da Lungunan Koki



Yau maganar babur za mu yi. Ba ta inji ba, ba kuma ta tsadar fetur ba, ko da yake na san ita ce ke ci wa kowa tuwo a ƙwarya tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023, har masu motoci da dama suka lulluɓe su da tamfol suka koma hawa babur. Maganar kan babur za mu yi, ƙarfen nan da hannuwanka biyu suke kai tun daga ƙofar gida har ka sauka. Mutum zai yi ciniki mai zafi a kan taya, ya tsaya a kan bakanike sai ya ga irin baƙin man da aka zuba masa, amma in aka zo kan kai, sai ya bar wa yaron gareji ya murɗa shi yadda ya ga dama, ko yadda ake yayi a unguwa.

Wanda ya san Koki a birnin Kano ya san ba don babur aka fitar da lungunanta ba. Unguwar fatake ce tun kaka da kakanni, a nan Alhaji Alhassan Dantata ya kafa gidansa, ya zauna har Allah Ya yi masa rasuwa a 1955. A wancan zamani, in jaki ya wuce da mangala, mai tulu ya raɓe jikin katanga ya ba shi hanya, to faɗin lungu ya wadatar. Yau lungun bai ƙaru da ko taƙi ɗaya ba, sai ma raguwa da ya yi. Wannan ya fito da dakali, wancan ya buɗe kwata, mai shago ya turo firiza bakin ƙofa, ga ɗan garuwa da kurarsa cike da jarkoki, ga 'yan Islamiyya an taso su. A cikin wannan matsatsi mai babur zai kutsa safe da yamma. Saboda haka ba na mamaki in na ga ya nemi ya rage faɗin abin hawansa. Abin da nake ja da shi, yadda ake ragewar ne, da abin da ake asara a wajen ragewar.

Tun zamanin acaba aka fara wannan aiki. Sabon Jincheng zai fito daga kwali, kafin ma a yi masa lamba an kai shi wajen mai walda. Madubai ne farkon tafiya. Sannan a zo kan kai: wani a yanke masa inci ɗaya ko biyu ta kowane ɓangare, wani a gasa shi da wuta a tanƙwaro hannuwan ciki, har ka ga ɗan acaba yana tuƙi gwiwoyin hannunsa manne da haƙarƙarinsa. Kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Mutumin da zai kai balas kullum da daddare, in ya tarar da gosulo a Bata ko Kantin Kwari ko 'Yan Kura, duk wata 'yar kafa tsakanin mota da mota kuɗi ce a wurinsa. Wanda ya fi tsukakken kai shi ke riga fita.

An san yadda acaba ta ƙare a cikin birni. Ranar 19 ga Janairun 2013 aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, cikin 'yan kwanaki gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur, Adaidaita Sahu ta gaji titi. Sana'ar ta ja baya, amma tsukakken kai bai bi ta ba. Ya zama ado. Yaron da bai taɓa kai wa kowa balas ba, makaranta kawai yake zuwa ko kasuwa, shi ma sai an matse masa kai, don haka ya ga ƙwararru suna yi.

To mene ne aibinsa? Duk wanda ya taɓa fama da noti mai taurin kai ya san dabarar kanikawa: a zura bututu a hannun sifana don ya yi tsawo, sai ka ga notin da ya gagari ƙato yaro ya kwance shi. Kan babur ma haka yake. Tsawonsa shi ne ƙarfinka a kan tayar gaba. In tayar ta faɗa rami, ko ta hau dutse, ko ta shiga yashin da ruwan sama ya tara a bakin kwalbati, fizgar kan za ta yi, kuma da wannan tsawon ne za ka danne ta ka maido ta hanya. Kowane inci da ka yanke, daga ikonka ka yanke shi. In kai kaɗai ne kana tafiya a hankali ba za ka ji bambanci sosai ba. Ranar da ka ɗauko buhun shinkafa daga Singa, ko ka goyo uwargida da yaro a tsakiya, nauyi ya koma baya, gaba ya yi sakayau, ranar za ka nemi incin nan ka rasa.

Akwai kuma wani abu da kowane mai babur yake yi, amma kaɗan ne suka lura suna yinsa. In kana gudu a kan titi za ka sha kwana ta dama, ba murɗa kai kake yi dama ba. Hannun dama kake ɗan turawa gaba, babur ya kwanta dama, ya bi kwanar. Gobe in ka hau, a wurin da ba jama'a, ka lura da hannunka za ka gani. Da wannan 'yar turawa ake kauce wa akuya ko yaron da ya ɓullo da gudu daga lungu, kuma cikin ƙiftawar ido ake yin ta. Hannun da aka ƙuntata, gwiwarsa na jikin ciki, bai da sararin yin ta da sauri.

Yanzu bari mu zo kan manyan, waɗanda samari ke kira fawa baik. Da can sai jefi-jefi ake ganinsu, yanzu kuwa da yamma ko ranar ɗaurin aure ba ka rasa jin kukansu a titin Gidan Zu ko hanyar Jami'ar Bayero. Irin su Yamaha R1 da ta fara fitowa a 1998, da Suzuki Hayabusa ta 1999, da jerin Honda CBR da Kawasaki Ninja, galibi na hannu ne ake shigowa da su. In ka duba irin su R1 da kyau za ka ga ba su da kai guda mai tsawo irin na Boxer ko Jincheng. Guntaye biyu ne, kowanne an ɗaure shi da noti a jikin sandar shokozoban gaba, ƙasa-ƙasa, sun karkata baya. Wurin ajiye ƙafa kuma an ja shi baya an ɗaga shi sama. Duk wanda ya hau dole ya kifa ciki a kan tanki.

Ba don ado injiniyoyin Japan suka yi haka ba. Daga filin tsere abin ya samo asali. A gasar duniya ta MotoGP, a filin Mugello na Italiya a 2023, an auna Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu yana gudun kilomita 366 a sa'a. A irin wannan gudu iska bango ce, dole ka ɓuya bayan gilashi, kuma dole nauyinka ya danne tayar gaba. Ko a gudun da bai kai rabin wannan ba, iskar da ke bugun ƙirjinka ita ke tallafe ka, ta ɗauke wa hannu nauyi. To ka ɗauko wannan babur ka shigo da shi Koki, inda ba za ka wuce giya ɗaya ba. Iskar da za ta tallafe ka babu. Duk nauyin kafaɗa da ƙirji ya sauka a wuyan hannu. Wuya kuma ka ɗage shi sama don ka ga gabanka. Kafin ka je Ƙofar Mazugal ka dawo yatsu sun sage, ƙugu ya riƙe. Sannan irin wannan kai ba ya juyawa da yawa, da ka murɗa kaɗan ya tokare, don haka kwanar da mai Lifan zai sha da ƙafa ɗaya a ƙasa, kai sai ka yi gaba ka yi baya kana jan kilo wajen ɗari biyu, yara na kallo. Ban ma kawo maganar ranar Juma'a ba, da babbar riga da hula zanna, mutum ya kife a kan tanki, hannun riga na neman maƙalewa a hannun kuloci.

Kada samarinmu su ɗauka su suka fara. A Landan, shekarun 1950 da 1960, matasan da ke taruwa a wani gidan shan shayi mai suna Ace Cafe haka suka riƙa cire kan baburansu na asali suna ɗaura guntaye irin na 'yan tsere, burin kowa ya kai gudun mil 100 a sa'a. A Amurka kuma aka yi akasin haka, aka riƙa ɗaga kai har hannu ya wuce kafaɗa, abin da ya sa jihohi da dama suka kafa doka a kan iyakar tsayinsa. Amma in koyi za mu yi, ni a ganina ga waɗanda suka fi kusa da mu: masu tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka kammala na farkonsa a Janairun 1979, Cyril Neveu ya ci a kan Yamaha XT500, kuma shekara da shekaru ayarin yana ratsawa ta Agadas. Mutanen Nijar da suka ga wucewarsu za su gaya maka irin kan da ke jikin baburan nan: mai faɗi, mai tsayi, mahayi a zaune tsaf ko a tsaye. Yashi da rami haka suke so. Hanyoyinmu kuwa, tsakani da Allah, sun fi kama da hanyar Agadas a kan filin Mugello.

Kwanakin baya na tsaya a wani gareji ana duba mini birki, sai ga wani saurayi ya turo nasa babban. Ya gaida dattijon bakaniken, ya ce, "Baba, so nake a ɗaga mini kan nan, bayana ya gaji." Dattijo bai ɗauki sifana ba. Ya ce, "Hau tukuna, samari. Sa ƙafarka inda kake sawa. Rufe idonka, ka miƙo hannu inda ya fi maka daɗi." Yaro ya miƙa. Da ya buɗe ido, hannunsa na shawagi wajen taƙi guda sama da inda kan yake. Dattijo ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan tazarar ba noti ke cike ta ba. Zan iya ba ka yatsa biyu. In taƙi kake so, ka sayar ka sayi wanda aka ƙera don zama." Wannan ita ce gaskiyar da ba kowane bakanike zai faɗa maka ba, don wani ba ya son ciniki ya wuce shi.

Yatsa biyun nan, wato santimita 2 zuwa 3, shi ne abin da yawancin babura ke ɗauka ba tare da an canja komai ba. In naka mai kai guda ne, abin da sauƙi. Kafin ka sayi komai, a sassauta notukan mariƙin da ke tsakiya, a ɗan mirgino kan baya ko gaba. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In bai isa ba, akwai 'yan gutsattsarin alminiyom da ake sakawa ƙarƙashin mariƙin su ɗaga shi, sai dai a tabbatar kaurinsu ya dace da kan, domin na yawancin baburanmu milimita 22 ne, wasu manyan kuma tsakiyarsu ta fi haka kauri. A kuma sa noti mai tsawon da zai kama sosai, ba tsohon da zai shiga zare biyu ya tsaya ba. Abin da na fi tsoro shi ne tara wasa-wasai a ƙarƙashi, ko cusa guntun gwangwani don a cike gibi. Ranar da ka taka birki da ƙarfi, duk nauyinka kan wannan gwangwanin zai sauka.

In mai guntaye biyu ne, nan ake yin kuskuren da ba a gani da ido. Sandunan shokozoban gaba faranti biyu ne na ƙarfe suke riƙe da su, na sama da na ƙasa. Sai wani ya sassauta farantan, ya turo sandunan sama don ya sami wurin ɗaura guntayen a bisa farantin. Hannu ya ɗan tashi, gaskiya ne, amma goshin babur ya faɗi ƙasa, kuma tsayuwar tayar gaba ta canja. Masu tsere da milimita suke auna wannan, biyar ma a wurinsu babban canji ne. In ka sauke shi da yawa, babur zai riƙa faɗawa kwana da garaje, a kan gudu kuma kai ya fara kaɗawa, kuma tayar na iya dukan abin da ke bayanta in shokozoba ya nutse. Hanyar da ta dace ita ce a bar sandunan inda kamfani ya sa su, a nemo guntayen da aka ƙera da wuya mai tsayi. In ba a samu ba, a haƙura.

Ko wane iri ne naka, aikin bai ƙare ba sai an yi gwajin da zan faɗa, kuma don Allah wannan a riƙe shi ko an manta da sauran. A kafe babur, a tayar da inji, a bar shi a silo ba giya. A juya kai dama har ya tokare, a juya hagu har ya tokare, kunne na kan injin. In ka ji kukansa ya ƙaru da kansa, wayar totur ta yi gajarta, tana jan mai ba da saninka ba. Ka yi tunanin wannan a bakin lungu, ka murɗa kai za ka kauce wa tsohuwa, babur ya zabura. Sannan a murɗa totur a sake shi a kowane ɓangare, a ga ya koma da kansa nan take. A duba wayar kuloci, kada ta ɗame. A duba tiyon birki, musamman in an ɗaga gaban babur taya ta saki ƙasa, lokacin ne shokozoba ke miƙewa iyakarsa, tiyon ya fi jan jiki. A duba wayoyin hon da sigina da fitila. A kuma sa hannu a riƙe kamar ana tuƙi, a ga babban yatsa bai matse tsakanin kai da tanki ba, hannun birki bai daki robar gaba ba. Duk wannan bai fi minti biyar ba.

Wani abu da ake mantawa: in kai ya motsa, hannun birki da na kuloci ma sai sun motsa. Ka zauna yadda kake zama, ka miƙe yatsunka a kansu. Daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa ya kamata ya tafi a miƙe, ba wuyan hannu ya karye sama ko ƙasa ba. Mutane da yawa da ke kukan hannu na yi musu tsami, ba tsayin kai ne matsalarsu ba, hannun birkin ne ya kalli sama, noti biyu kawai za a sassauta. In birkin na mai ne, a lura ɗan tankinsa ya zauna daidai, kada ya karkace har ya shaƙi iska. Ƙarafan nan masu nauyi da ke toshe bakin kai ta gefe da gefe kuma, waɗanda yara ke cirewa wai ba su da amfani, su ke rage karkarwar inji a tafin hannu. A mayar da su.

Sai maganar wuta. Kan babur bututu ne, cikinsa rami. In ya lanƙwashe a faɗuwa aka sa ƙafa aka miƙe shi, ko aka gasa shi aka tanƙwara, wurin ya riga ya raunana ko da an shafe shi da fenti ya yi ƙyalli. Na alminiyom ya fi muni, shi ba ya gargaɗi, karyewa kawai yake yi. Kuma ba a zaune a ƙofar gida yake karyewa ba, sai lokacin da aka fi matsa masa, wato lokacin birki ko faɗawa rami. Ban san wani kan babur da kuɗinsa ya kai na kwana ɗaya a Asibitin Ƙashi na Dala ba. Wanda zai sayi babur na hannu, ya zame robar da ke tsakiyar kai ya duba, ya shafa ƙarƙashin lanƙwasar da yatsa. In ya ji tudun walda ko ya ga fenti ya tsage a wuri guda, ya sa kuɗin sabon kai cikin cinikin.

Hukuma fa? A Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano, har labari ya kai kafafen duniya cewa a Kano wasu ƙwarya suka kifa a ka. Mun yi dariya, amma abin ya nuna cewa dokar da mutum bai gane amfaninta ba, dabarar kauce mata kawai zai nema. Shi ya sa ba na kiran hukumar kula da zirga-zirga ta KAROTA ta fito da ma'auni tana auna kan babur a titi, wata ƙofar karɓar na goro ce kawai za a buɗe. Masu gareji nake kira. Su ne yaro ke jin maganarsu fiye da ta ubansa a kan abin da ya shafi babur, su ne kuma ke koya wa na baya. Maigidan da ya hana yaransa gasa kai, ya ce ba mai fita da babur daga garejinsa sai an juya kai dama da hagu inji na silo, ya yi abin da jami'i ɗari ba za su yi ba.

Madubi kuma a mayar da shi. Na san abin da za a ce, wai shi ke karo da mutane a lungu. Akwai masu gajeren wuya, akwai masu naɗewa, kuma in an ɗaga kai ko an mirgina shi, sai an sake saita su, don madubin da kafaɗarka kawai yake nuna maka da shi da babu duk ɗaya.

Bayan an gama, kada a ɗauki goyo a ranar. Ka zaga kai kaɗai, ka taka birki da ɗan ƙarfi a wurin da ba kowa, ka ji ko kan zai mirgina gaba. Bayan mako guda ka koma a sake bin notukan da alanki, a ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, har gibin mariƙin ya zauna yadda aka ƙera shi, domin sabon ɗauri yakan saki bayan ya sha girgizar hanya.